Garin Da Sale Ya Zaɓa

Shekara huɗu ke nan da muka kai Sale mahauci makwancinsa a Garuwa. Ban shiga sahun sallar gawa ba, domin ni Kirista ne. Na tsaya gefe ƙarƙashin darbejiya da hulata a hannu, ina kallon mutanen da suka gudu suka bar shi suna rige-rigen ɗaukar makara. Ni ma ina cikin waɗanda suka gudun. Gara in faɗi wannan tun da farko, kada mai karatu ya ɗauka wani mai tsarkin zuciya ne yake rubutu.

Sunana Matiyu. Daga duwatsun da ke kusa da Kolofata na sauko Garuwa, lokacin da zaman ƙauyenmu ya gagara, ni da matata da yara uku da buhun albasa biyu. Ban san kowa ba, Fulatancina bai kai na ciniki ba, Hausa ce kawai ta haɗa ni da mutane. Sale yana da tukubar tsire a bakin titin da ya nufi babban filin wasa, ya fi shekara ashirin a wurin. Ya gan ni ina yawo da albasa a ka, ya kira ni, ya janye bencinsa ya ce in baje kayana a gefensa. Bai tambayi addinina ba sai bayan wata biyu, shi ma don ya ga ba na zuwa ranar Lahadi da safe. "Sobajo" yake kirana, wato aboki da Fulatanci, ni kuma ina ce masa Yaya Sale.

Bayan nama, ƙwallo ce rayuwarsa. Shi ya kafa ƙungiyar 'yan kallo ta unguwarmu, mu goma sha huɗu, mahauta da dillalan shanu da ni mai albasa. Tukubarsa ce wurin zamanmu bayan la'asar. Duk lokacin da gasar ƙasashen Afirka ta zagayo, sai ya sa a karanto masa sunayen garuruwan da za a buga wasa, ya zauna ya zaɓar mana wanda za mu je. Da gaske yake yi. Yakan tare direbobin manyan motoci da fataken da suka taɓa zuwa can, ya tambaye su ko mutanen garin suna amsa gaisuwar baƙo, ko ana iya takawa da ƙafa daga masauki zuwa filin wasa, ko naman garin yana da kyau. In garin yana bakin teku, ya riga ya sami rabin ƙuri'arsa, domin Sale bai taɓa ganin teku ba. Ya zaɓar mana garuruwa da yawa a ƙasashe da yawa. Ko ɗaya ba mu taɓa zuwa ba. Muna ɗan tara abin tafiya, hidimar gida tana cinyewa.

Sai gasar ta zo ƙasarmu, kuma aka sa Garuwa cikin garuruwan da za su karɓi baƙi. A karo na farko tafiya ta zama abin da za mu iya. Muka zauna don zaɓen gari. Wasu suka ce Yawunde, inda 'yan wasanmu za su buga. Wasu suka ce Duwala, daga can a leƙa Limbe. Kowa ya tabbata Sale zai ce Limbe, saboda teku. Ya gama juya tsirensa, ya goge hannu, ya ce Garuwa.

Aka yi dariya, an ɗauka wasa yake yi. Ya ce, "Shekara nawa muna neman garin da zai karɓe mu? Yau duniya ce za ta zo ƙofar gidanmu, sai ta tarar mun kulle mun tafi? Wa zai nuna wa baƙo hanya? Wa zai ba shi ruwa?" Ya ce mutanen Yola da Mubi za su tsallako da yawa, masu jin Hausa kamarmu, kuma ya fi son su koma gida suna cewa ba su ga gari kamar Garuwa ba. Teku ba zai ƙafe ba, in ji shi, za a gan shi wata shekarar. Ya yi magana har ya shawo kanmu. Muka ɗaga hannu duka, har da Alhaji Habu, dillalin shanun da muka naɗa shugaba saboda ya fi mu shiga ofisoshi.

Daga ranar Sale ya zama wani mutum. Ya sake rufin tukubarsa da sabon kwano, ya shafa mata fenti da launin tutar ƙasa. Ya sayi farar riga irin ta masu dafa abinci. Shi da yake gudun allura kamar ƙaramin yaro, ya bi layi aka yi masa rigakafin annobar da ake fama da ita a lokacin, don an ce ba mai shiga filin wasa sai da katin rigakafin. Ya koyi yadda ake cewa barka da zuwa da Turanci da Larabci, yana maimaitawa yana fifita wuta.

Saura 'yan makonni a fara, muka zo da safe muka tarar an zana jan gicciye a jikin sabon fentin. Wasu mutanen ofis suka ce titin nan manyan baƙi za su bi, ba a son hayaƙi da ƙuda da rumfuna. Alhaji Habu, wanda a lokacin ya sami shiga wani kwamitin tarbar baƙi, ya dafa kafaɗar Sale ya ce kada ya damu, an ware wuri mai kyau kusa da ƙofar filin, kuma sunansa ne na farko. Bayan kwana uku mota ta zo ta ture tukubar. Sale yana tsaye da wuƙaƙensa a cikin buhu. Bai yi gardama ba. Abin da ya roƙa kawai shi ne a bar shi ya kwashe duwatsun murhunsa, aka ce ba lokaci.

Wurin da aka ware ɗin ya tabbata, ba ƙarya ba ne. Surukin Alhaji Habu ne ya same shi, mutumin da bai taɓa riƙe tsinken tsire ba.

Da tukuba ta tafi, zaman la'asar ya watse. Sai magana ta fara zagayawa a ɓoye: tunda abin ya lalace, me zai hana a yi tafiyar? Alhaji Habu ya ce zai sama mana tikiti a kudu ta hannun mutanensa, shi kuma zai biyo mu in ya gama da baƙi. Aka ce kada a gaya wa Sale, don kada ransa ya ƙara ɓaci. Haka muka kira abin, tausayi. Mu goma sha ɗaya muka hau mota zuwa Ngaundere, muka kama jirgin ƙasa. Ni na ce masa zan je Figil, wani gari a arewa da Garuwa, duba wata albasa, kwana biyar. Ya dube ni ya ce, "Allah ya kiyaye hanya, sobajo."

Na ga Yawunde, na ga Duwala, na tsaya a bakin teku a Limbe ruwa yana taɓa ƙafata. Ba zan yi ƙarya in ce ban ji daɗi ba. Na yi ihu a filin wasa har muryata ta dushe.

Abin da ya faru a Garuwa a kwanakin nan, daga bakin matarsa Hajara na ji shi. Mutum mai shekara kusan sittin, wanda manyan gari suke aiko direba sayen tsirensa, ya koma gasa nama a tsakar gida, ya ɗora faranti a ka yana bin taro. Baƙin da ya yi ta jira sun zo, har sun fi yadda ya zata. In ya ji masu Hausar Najeriya suna neman hanya, sai ya ajiye farantin ya raka su. Mutum shida daga Mubi suka rasa masauki, ya kai su gidansa, ya ba su ɗakinsa, shi ya kwana a zaure. Ya sayi tikitin wasa ɗaya da kansa. Ranar wasan ya fita da wuri don ya sayar da abin da ya gasa kafin ya shiga, masu tsaro suka kama shi yana talla inda aka hana. Suka karɓe farantin, suka zaunar da shi a ƙasa bayan wata mota har aka tashi. Daga nan ya ji ihun mutane duk lokacin da ƙwallo ta shiga raga. Tikitin da katin rigakafin suna aljihun farar rigarsa. Filin da yake hangowa daga tukubarsa shekara da shekaru, bai taka cikinsa ba a gasar.

Da na dawo na same shi a ƙofar gida yana fere tsinke. Na gaishe shi ina sunkuyar da kai. Ya ce, "Yaya Figil? Na ji an ce yanzu har teku gare su." Ya matsa mini a kan tabarma, ya ce in zauna in ba shi labari, da gaske ne ruwan yana da gishiri? Na ba shi labarin. Ya saurara har ƙarshe, yana gyaɗa kai. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Bai ƙara samun wurin kansa ba. Ya je ofis sau da yawa, ana ce masa ya dawo gobe. Da zafin bazara ya kankama, ya faɗi a bakin kasuwa da faranti a kansa, ɓarin jikinsa ya shanye. Kwana uku ya yi a asibiti, ya rasu. Likita ya ce hawan jini ne, kuma ban musa ba. Amma na san mutumin da yake tsayawa gaban wuta tun yana saurayi bai taɓa faɗuwa ba, sai a shekarar da ya zaɓi garinsu.

Ranar sadakar uku Alhaji Habu ya zo da babbar riga, ya yi dogon bayani a kan yadda marigayi yake son Garuwa. Hajara ta aiko daga cikin gida a gaya wa 'yan ƙungiya magana ɗaya: ku da kuka je, me kuka gano a can da ya fi shi?

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, kwanan baya ƙungiyar ta sake zama don zaɓen gari, wata gasa ce a ƙasar waje. Yanzu ba a tukuba ake zama ba, a falon Alhaji Habu ne, da fanka da lemo. Kowa ya sunkuya a kan wayarsa yana karanto garin da aka ce ya fi: wannan otal ɗinsa da araha, wancan titunansa fes, ba rumfa ko ɗaya a hanya. Da na ji an yaba wa wani gari da cewa ba rumfa ko ɗaya, na tambaya, ina masu rumfunan suka tafi? Sai wani ya ce Matiyu ya fara tsufa. Na tashi na fito.

Nakan tambayi kaina abin da Sale zai ce da ya ga Garuwa ta yau. Furannin da aka dasa inda tukubarsa take sun bushe tun kafin a yi sadakar arba'in ɗinsa. Rumfuna sun dawo titin ɗaya bayan ɗaya, na wasu mutane dabam, ba wanda ya zana musu gicciye, domin manyan baƙi sun tafi. Ina so in ce zai yi fushi, amma na san shi. Zai ce aƙalla titin ya yi kyau, fitilu ma wasu suna kamawa. In an ce ya sake zaɓa, ina tsoron Garuwa zai sake cewa. Wannan ne ya fi ci mini rai, domin shi bai yi kuskure ba. Baƙin sun koma suna yabon garin, kamar yadda ya faɗa. Mutanen Mubin nan har yau suna aiko wa Hajara da goron salla. Garin da suke yabo Sale ne, su ba su sani ba, mu kuma da muka sani mun hau jirgin ƙasa.

Me ya rage nasa? Ba a rubuta sunansa a ko'ina ba. 'Ya'yansa ba su gaji sana'ar ba, babban yana aiki a kamfanin auduga, ba ya son a yi maganar ƙwallo a gabansa. Wuƙaƙen suna cikin buhunsu. Ni ina nan da albasata a wani lungu, kuma duk wanda ya sauko daga dutse da kaya a ka ina matsa masa, ba don ina da kirki ba, don an taɓa yi mini ne.

Akwai abu ɗaya da ba mai iya turewa da mota. A makon jiya na tare mai babur na haya, wani wanda daga jin Fulatancinsa bai daɗe da zuwa garin ba. Na rasa yadda zan kwatanta masa inda za ni, sai na ce ya bi titin filin wasa. Ya ce, "Kafin Tsiren Sale ko bayansa?" Na ce ya san Sale ne? Ya ce a'a, sunan wurin ke nan, kowa haka yake faɗa. Na ce ya sauke ni a nan ɗin. Ya tsaya daidai, bai kuskure ko taku ɗaya ba. Ya dubi wurin, busasshiyar ƙasa da guntayen leda, ya juyo ya tambaye ni, "Baba, to ina tsiren?"