Na Hana Ta Faɗa Mini Sunan Garinsu

Edita, ina yi maka sallama, kai da masu karatu. Na daɗe ina ɗaukar biro ina ajiyewa kafin na iya rubuto wannan wasiƙa, kuma ina roƙon a sakaya sunana.

Lokacin da abin ya faru shekarata talatin da huɗu. Haifaffiyar Jidda ce ni, kakannina ne suka zo aikin hajji suka zauna. Ina da iƙama lafiyayya, wato takardar izinin zama, mijina direba ne a wurin kafilinsa, Balaraben da ya tsaya masa, muna zaune a gida mai ɗaki biyu a Sharafiyya. Ba zan ɓoye ba, ina da irin girman kan nan na wadda takardunta suka cika a tsakiyar waɗanda ba su da ko ɗaya. Abu guda ne ya hana ni sakat: shekara goma sha biyu da aure ban taɓa ko ɓatan wata ba. Daga baya aka gano ƙari ya cinye mini mahaifa, aka cire ta gaba ɗaya. Na ce wa dangi da maƙwabta ƙarin kaɗai aka cire, daga ni sai mijina muka san gaskiya.

Mijina mutum ne mai haƙuri. Ya ce mu rungumi ƙaddara, ko mu ɗauko ɗaya daga cikin 'ya'yan ƙanwarsa mu riƙa. Na ƙi. Ni ɗan da za a kira nawa nake so, wanda ba za a wayi gari wata ta zo ta ce in ba ta abinta ba. Ana cikin haka wata tsohuwar dillaliya a unguwar Karantina ta raɗa mini dabara. Ta ce a samo mace cikin waɗanda suka zo umara suka ƙi komawa, ta sa niƙabi, ta riƙe iƙamata, ta bi mijina asibitin da ba a san ni ba a matsayin matarsa, a yi mata dashen ciki da maniyyinsa. Ƙwai nata, ciki nata, amma takardar haihuwa da sunana za ta fito. Na tambayi wani malami kamar wata ce ta aiko ni, ya ce haramun ne, ko tantama babu. Na yi masa godiya na fito, ban fasa ba. Wata uku ina kuka ina ƙin cin abinci har mijina ya gaji ya ce halas, in yi yadda na ga dama.

Mata uku dillaliyar ta kawo mini, kuma yadda na yi zaɓin nan shi ne yake cina har yau. Ta farko lafiyayya ce, amma tana da yaya a unguwar Nuzla, na ce a'a. Ta biyu tana da surutu, ga ƙawaye rututu, ita ma na sallame ta. Ta uku mijinta ya rasu, ta baro 'ya'ya biyu a gida wurin mahaifiyarta, ba ta da kowa a Jidda, fasfonta ma ya daɗe da ɓata. Tsawonmu ɗaya, launin fatarmu ɗaya, har wushirya tana da ita kamar tawa. Ita na ɗauka, don na ga babu mai zuwa nemanta, babu kuma inda za ta kai ƙara. Na kafa sharaɗi cewa ba na son sanin sunanta na yanka ko garinsu, ita ma dillaliyar kada ta tambaya. A ganina in ban san inda ta fito ba, ranar da ta tafi ta tafi ke nan. Baƙuwa muke kiranta.

A karo na biyu cikin ya kama. Na ajiye ta a ɗakin ciki, ba ta fita sai ranar awo, muna dawowa kuma in karɓe iƙamata in kulle a akwati. Ni kuma na fara ɗaura tsumma a ƙarƙashin abaya, ina ƙara shi wata-wata, ina tafiya da ƙyar ina dafe ƙugu, mata suna yi mini barka suna tsokanata wai tsohuwa ta yi abin kai. Ita kuwa baiwar Allah ba ta taɓa ɗaga mini murya ba. Aunty... a'a, Yaya take ce mini. In yaron ya motsa sai ta kamo hannuna ta ɗora a cikinta, ta ce in gaisa da ɗana. Wata rana muna tsince shinkafa ta fara ba ni labarin garinsu, wai akwai wata babbar tsamiya a bakin kasuwa inda mahaifiyarta ke sayar da daddawa. Tana shirin faɗin sunan garin na daka mata tsawa, na ce ta tuna sharaɗinmu. Ta ci gaba da tsintar shinkafa.

A wata na bakwai ta ji labarin wata mata a Karantina za ta koma gida. A lokacin kaset ake ɗauka a aika, don haka ta ari rediyona ta yi wa 'ya'yanta magana, ina jinta ta bayan ƙofa tana dariya tana kuka. Da safe ta roƙe ni in raka ta ta kai kaset ɗin, ko in ara mata iƙamar na awa biyu. Ranar akwai suna a maƙwabta, ina son in je a ga cikina. Iƙamar kuma tsoro nake ji kada ta gudu da ita da ɗan gaba ɗaya. Na ce ta bari sai wani jiƙon. Ta ce matar gobe za ta tashi, kuma wata takwas 'ya'yanta ba su ji muryarta ba. Na kulle akwatina na fita. Da na dawo bayan la'asar ba ta nan, rediyon yana kan tabarma, babu kaset a ciki.

Washegari muka ji cewa 'yan jawazat, masu binciken takardun baƙi, sun tare motar haya a hanyar Karantina, sun kwashe marasa takarda zuwa tarhil, inda ake tsare mutane kafin a mayar da su ƙasashensu. Mijina ya zabura zai je, ni na riƙe masa riga. Na tambaye shi me zai ce musu, matarsa ce ko me, ga ni kuma a tsaye da cikin tsumma. Da wane suna ma zai tambaye ta? Muka yi kwana tara muna jan ƙafa muna neman wanda zai shiga mana a ɓoye. Ranar da muka samu, mutumin ya je ya dawo ya ce an riga an kwashe rukuninsu, bai ma san jirgin wace ƙasa aka sa ta ba, tunda masu Hausa ba ƙasa ɗaya suke ba. Dillaliya ta rantse ba ta san komai ba, ta kuma tuna mini ni na hana ta tambaya.

Na kwance tsumman, na kwanta, aka ce na yi ɓari. Mata suka cika gidan suna yi mini jaje, suna cewa Allah ya sa mai ceto ne. Na yi kuka na gaskiya a kan mutuwar ƙarya. Mijina bai sake ni ba, bai kuma zage ni ba, amma sau biyu yana zuwa ƙasar Hausa yana bin kasuwanni yana tambayar tsamiya da mai daddawa. Wace kasuwa ce ba ta da tsamiya?

Yau shekara goma sha ɗaya ke nan. Ban sani ba ko ta sauka lafiya, ko namiji ne ko mace, ko me ta faɗa wa danginta da ta koma da ciki ba miji. Wannan na ƙarshen ya fi ci mini rai, don ni na jefa ta a ciki. 'Yan'uwana mata da rashin haihuwa ya dame ku, na san zafin, amma ku tsaya inda Allah ya halatta, kada kuma ku zaɓi mutum don ba shi da gata. Na nemi wadda babu mai iya gano ta, na kuwa same ta. Iƙamar da na hana ta tana nan a akwatina, ina sabunta ta duk lokacin da ta ƙare. In akwai wadda ta san wata mai wushirya da aka dawo da ita daga Jidda da tsohon ciki, ta ce mata Yaya tana neman gafara, kuma yanzu tana son jin sunan garin.