Ranar da Na Tsaya Bayan Surukina

Mutanen birni gani suke jam'iyya abar lokacin zaɓe ce, kamar rumfar biki. Mu a Yako a zaurenmu take kwana. Yayana ne shugaban jam'iyya na mazaɓarmu, don haka bencinta da tutarta suna nan jingine kusa da buhunan masara, ko an ci zaɓe ko an faɗi. Daga wannan benci kuka yake tashi ya hau ƙaramar hukuma a Kiru, daga can ya wuce jiha.

Sai dai Yaya ya daɗe a kujerar har ya manta ta jama'a ce. Taro ba ya kira. In taki ya zo, sai dai mu gan shi a gonakin wasu. Da wa'adinsa ya cika, surukina, mahaifin matata, ya ce shi ma yana so. Dattawa suka yi ta zirga-zirga a sasanta, kowa ya kafe. Aka ce to, ƙato bayan ƙato.

Wanda ya ƙirƙiro wannan tsari, na rantse ba shi da suruki. Ba akwati, ba labule. Ɗan takara ya tsaya, ka je ka tsaya a bayansa, gari na kallonka.

Da safen ranar matata ta ajiye mini koko ta koma ɗaki. A filin firamare na maƙale gindin darbejiya. Yaya ne ya riƙe ni bayan rasuwar babanmu, shi ya yi mini aure, kuma kullum kwanonmu ɗaya a zaure. Amma wallahi bai kyauta wa mazaɓa ba, kuma na sani.

Jami'in da aka turo daga Kiru ya ce wanda bai shiga layi ba ya bar fili. Na runtse ido na nufi bayan surukina. Yaya ya waiwayo, ya gan ni, ya mai da kai.

Yaya ya faɗi zaɓen. Bayan la'asar ya fito da bencin, ya goge shi da hannun rigarsa, ya naɗe tuta ya ɗora a kai. Na durƙusa na ce Yaya a yi haƙuri. Bai dube ni ba.

"Ɗauki ka kai masa. Ai ka fi kowa sanin hanyar gidan."

Haka na ratsa gari da benci a ka. Har yau ban ce na yi kuskure ba, kuma ba zan ce ba. Amma tun daga ranar, kwano biyu ake fitowa da shi zaurenmu.