Ranar da na zauna jiran jirgi ya cika

Shekarun baya, tun gwiwata ba ta fara ba ni umarni ba, abokina ya kwanta asibiti a Legas. Tare muka yi fataucin shanu tun muna samari, ni ina lodi daga nan Jos, shi yana sayarwa a can. Ya kira ni da murya kamar daga cikin rijiya, ya ce, "Kai tsohon banza, ka zo gobe. Akwai maganar da ba ta waya ba ce."

'Yata ta saya mini tikitin jirgi. Ni da boko ya sallama tun a aji huɗu, na zuba babbar riga, na fesa turare, aka wuce da ni Kuru zuwa filin jirgi sai ka ce sabon minista.

An ce ƙarfe sha ɗaya. Azahar ta yi, aka ce sai la'asar. La'asar ta yi, wata yarinya ta zuba Turanci a lasifika, mutane suka miƙe da hayaniya. Ni ko gezau. Ai na tsufa a tasha, na san dokarta: mota ba ta tashi sai ta cika, mai haƙuri kuma shi ke samun gidan gaba.

Wata mata 'yar kasuwa daga Daɗin Kowa, wadda muke zaune benci ɗaya tun safe, ta dubo ni. "Baba, kai ba ka ji ba? Jirgi ba ya zuwa yau fa. Tashi mu je kantar masu tikiti. Doka ya ce su ba mu kuɗinmu ko su sa mu a wani jirgi. Mu kama mota Abuja, mu hau na safe."

Na gyara hula, na yi mata bayani irin na manya. "'Yata, wanda ya karɓe kuɗinsa a tasha shi ke hana mota cika. In kowa ya janye, da wa za a tashi?"

"Baba, nan ba tashar Gada Biyu ba ce!"

Ta tafi ta buga tebur, suka sallame ta. Ni da na leƙa, yaron kanta ya ce, "Oga, ka dawo gobe." Na yi masa godiya, har da sa albarka. Abin da ke aljihuna bai kai wani tikiti ba, kuma ban san kuɗin da ke hannunsu haƙƙina ne in na tambaya ba.

Washegari na dawo da babbar rigata. Ina zaune a bencin jiya ɗan abokina ya kira, ya ce babansu ya cika da azahar, ya yi ta tambaya ko na sauka. Kafin la'asar an kai shi makwancinsa. Bayan nan ne aka ce jirgin yau ma an soke.

'Yata ce ta bi su daga baya har suka maido kuɗin. Ta zaunar da ni kamar ɗalibi ta ce, "Baba, in suka soke tafiya ko suka ja lokaci fiye da kima, zaɓi naka ne, ba alfarma suke maka ba." Na ce na gane, malama.

Na san kwana in ya ƙare ya ƙare, ba jirgin da ke ƙara shi. Amma da na bi matar nan, da hantsi ina bakin gadonsa. Don haka ku da kuka yi boko, in an soke muku tafiya ku tashi ku tambayi haƙƙinku a take, haƙuri na da wurinsa.

Maganar da ya so gaya mini kuwa, har yau ban san ta ba. Nakan ce wa yara ƙila zagina zai yi, kamar kullum. Suna dariya, ni sai in tashi in shiga ɗaki.