Ƙafar Hagu ta Kawu Tela

Kawuna tela ne. Shagonsa ɗaki ɗaya ne a ƙasan wani bene, jikin shagon mai aski, kuma har yau da keken takawa yake ɗinki, ya ƙi yarda a sa masa inji. Da ƙuruciyarsa ya yi gudu sosai, makarantarsu ta sha fita da shi gasa. Daga baya iyali suka zo, ya zauna a kujerar ɗinki, tumbi ya zauna tare da shi.

Babbar 'yarsa nas ce, yana kiran ta Uwata. Wata rana ta shigo shagon da abin awon jini, ta ɗaura masa a dantse, ta duba, ta ɓata rai.

"Baba, jininka ya hau. Ko ka koma motsa jiki, ko in sa wa ƙofar nan kwaɗo ka zauna a gida."

"Ni da nake taka keke tun safe? Wane motsi ya wuce wannan?"

"Ƙafa ɗaya ce ke aiki. Sauran jikin hutu yake yi."

Ya san halinta, ba ta faɗin abin da ba za ta aikata ba. Shagon nan kuwa a nan yake ci, a nan yake hira. Washegari da sassafe ya nufi filin makarantar da ke bayan layinsu.

Numfashi bai ba shi wahala yadda ya zata ba. Ƙafa ce ta tona shi. Ta dama, wadda ta yi shekaru tana taka keke, ƙarfi gare ta kamar ta saurayi, ta hagu kuwa ta zama ragguwa. Sai ya riƙa karkacewa yana gudu, kafin ya ankara ya bar hanya ya shiga ciyawa. Mai aski, wanda ke zuwa filin tattaki, ya tsaya yana kallo.

"Tela, filin ne ya karkace ko kai ne?"

"Kai dai ci gaba da tafiyar amaren da kake yi," in ji Kawu yana haki.

A hanyar gida ya yi wa abin tunani irin na tela: in riga ta ja gefe ɗaya, ɗaya gefen ake gyarawa. Ya koma shago ya fara taka keke da hagu. Hagu ba ta san aikin ba. Keke ya riƙa juyawa baya, zare na tsinkewa, ɗinki na tafiya kamar sawun maciji. Wandon mai askin ne ya fara shiga hannu, mai askin ya sa shi ya fito bakin titi yana nuna wa jama'a yadda ƙafa ɗaya ta murɗe. Kawu ya karɓa ya wuni yana farkewa da reza.

Matarsa ta ce, "Malam, gudu aka ce ka yi, ba a ce ka kashe sana'a ba."

Bai fasa ba, sai dai ya raba aikin. Kayan mutane na dama, ƙyallayen da ke zube a ƙasa na hagu. A hankali ɗinkin hagu ya miƙe, gudunsa ma ya miƙe. Wata safiya ya makara, wata safiya gwiwa ta hana shi, amma gobe sai ka gan shi a fili.

Da Uwata ta dawo, a filin ta same shi. Ta jira ya huta, ta zaunar da shi a benci, ta auna. Ta daɗe tana kallon allon abin awon, shi kuma yana kallon fuskarta.

"Ya sauka. Da saura, amma ya sauka."

"Shagon fa?"

"Je ka buɗe abinka. Amma ranar da ka fasa fitowa zan ji."

"Wa zai gaya miki?"

"Mama."

Ya yi dariya, ya miƙe yana kaɗe wando, ya ce ta yi sauri, yana da ɗinkin da za a zo karɓa.