Munduwar Inna a Gangar Gazuwal

A makaranta, can ƙasar waje, an nuna mana cewa jan ƙarfe yana kashe ƙwayoyin da ke haifar da baƙin yauƙi a gindin tankin mai, inda ruwa ke kwanciya. An kuma ce yakan lalata man da kansa. Har yau ban san wanne ya fi ba. Inusa, mai injin niƙa a Droum, bai taɓa wannan shakkar ba.

Yauƙin nan ya sha toshe masa injin da damina. Da wani bakanike ya ba shi shawarar jan ƙarfe, sai ya ɗauko munduwar marigayiya mahaifiyarsa, wata mai kauri ta jan ƙarfe, ya jefa cikin gangar da yake ajiye gazuwal, man injin. Ko ƙarfen ne, ko sa'a, injin ya daina tari. Kullum da safe yakan girgiza gangar, in ya ji ƙarar munduwar a gindi, ya yi bismilla ya ta da inji.

Sallau, abokinsa tun suna kiwon awaki, shi ke kawo masa mai daga Zango a kan babur, shi kuma ke ɗaukar gangar ya wanko a gari. Ba ya sauka sai ya yi tsiya.

"Sarkin ƙura! Yaya ƙarfen Inna, yana aiki?"

"Ya fi ka aiki, malalaci."

Bana, ana jibi sunan jikan mai gari, mata sun jera ƙwarya har bakin hanya, injin ya shaƙe ya mutu. Bakanike ya kwance famfon man injin, ya nuna masa baƙin yauƙi da tsatsa, ya ce sai sabo. Inusa yana tsaye matan suka ɗauke hatsinsu suka nufi wani injin.

Ya tuntsurar da gangar. Abin da ya faɗo zoben ƙarfe ne na babur, duk ya ci tsatsa. Ƙararsa yake ta saurare kowace safiya.

Da Sallau ya zo, Inusa ya miƙa masa zoben a tafin hannu.

"Haba ɗan'uwa," in ji Sallau, yana kallon ƙasa, "kaya mai kyau haka a cikin mai? Tun wankin bara waccan na kai wa maƙera. Na ga ai ƙara kawai kake bukata."

Inusa bai zage shi ba. Ya ɗaure zoben a ƙofar rumfar, inda yake rataye har yanzu. Injin na rufe da buhu, Inusa ya koma gonar gero.

Na tambaye shi wanne ya fi masa ciwo, injin ko munduwar.

Ya kalli zoben, ya ce, "Tambayar. Damina biyu yana tambayata ko ƙarfen Inna yana aiki, ni kuma ina dariya ina ce masa yana yi."