Baz Mir, Ɗan Fiton Gindin Dutse

Baz Mir gadon fito ya yi daga ubansa, a wani ƙauye na kwarin Lagman, gabas da Kabul, daidai inda kogi ke shan kwana a gindin wani baƙin dutse. Ba kwale-kwale gare su ba. Salkunan fatar shanu suke hurawa da baki har su kumbura, su ɗaure sanduna a kai, su ɗora mutum da akuyarsa da buhun shinkafarsa su tsallakar. In fito ya yi sanyi, sai ya ɗauki tarunsa ya koma kamun kifi.

A fuskar dutsen nan, sama da turken da yake ɗaure salkunansa, akwai wani rubutu da aka sassaƙa tun ba a san ranar ba. Limamin ƙauye ya taɓa hawa ya duba, ya sauko ya ce ba Larabci ba ne, ba kuma Farisanci ba. Mutane suka yanke cewa kwatancen inda aka binne zinariya ne. Can sama da dutsen kuma akwai tudu mai rusassun katangu, inda ruwan sama kan wanko yatsu da kunnuwan gumakan yumɓu.

Baz Mir ya yi aure sau ɗaya. Matarsa Gulandama ta rasu wajen haihuwar fari, ita da abin da ta haifa, bai kuma sake neman wata ba. Gidan ya rage daga shi sai ƙanensa Zarin, wanda Allah ya hore wa baki. Baz Mir kan wuni bai ce uffan ba, Zarin ya yi maganar mutum biyu, kuma hakan ya yi wa kowannensu daidai.

Wata shekara wani malamin jami'a ya zo daga Kabul tare da Turawa. Baz Mir ya tsallakar da su. Suka manna jiƙaƙƙiyar takarda a jikin rubutun suna bubbugawa don siffarsa ta fito a kanta, rabin ƙauye na tsaye a ƙasa ana jira.

"Ustaz, kada ka ja mana rai," in ji Zarin. "A ina zinariyar take?"

Malamin ya yi dariya. Ya ce harshen Aramiyanci ne, na magatakardan sarakunan da. Wani sarki ne mabiyin addinin Buda ya sa aka rubuta, tudun can kuma gidan ibadar masu addinin ne.

"To me sarkin ya ce?"

"Ya ce ya hana farauta, ya hana kamun kifi."

Wurin ya ɓarke da dariya, kowa ya juyo yana kallon Baz Mir da tarunsa a kafaɗa.

"Lala, ka shiga uku!" Zarin ya ce, sunan da yake kiran wansa ke nan. "Kai da Baba da Kaka, duk a ƙarƙashin dokar kuke ta ɓarna, ko kunya babu."

Baz Mir ya ce, "Sarkin ya zo ya kama ni." An daɗe ana maimaita maganar nan a ƙauye, don ba kasafai ake samun irinta daga bakinsa ba.

Sai yaƙi ya zo. Jirage suka fara bi ta kan kwarin, ƙauyen da ke sama da su ya ƙone, dattawa suka ce a tashi a nufi Peshawar, a tsallaken iyaka. Baz Mir ne ya tsallakar da kowa: tsofaffi a kan gadajensu, mata da tukwane, liman da littattafansa. Zarin ne na ƙarshe. Da suka isa gaɓar can, ya riƙe hannun wansa.

"Saki salkunan nan ruwa ya tafi da su, mu wuce."

"Akwai masu zuwa daga sama. Wa zai tsallakar da su?"

"Lala, ba kowa a ƙauyen nan fa. Da wa za ka yi magana?"

"Da ma da wa nake yi?"

Ya tura sandarsa ya koma.

Masu gudu suka yi ta zuwa, sannan suka ragu, sannan suka ɗauke. Wani lokaci mayaƙa su biyo, ya tsallakar da su, su bar masa ganyen shayi ko ƙullin mazarƙwaila. Ya noma 'yar masara a bayan gida, ya gasa gurasarsa da kansa. Rufin gidajen maƙwabta ya dinga faɗawa ɗaya bayan ɗaya. Shi yake kiran salla, shi yake bin kansa. Wata rana wani matafiyi ya yi masa sallama, ya buɗe baki zai amsa, muryar ta ƙi fita sai da ya yi gyaran murya.

Wata bazara aka yi ruwa mai yawa, gefen tudun ya zabtare. Baz Mir ya hau neman akuyarsa, sai ya ga fuska tana kallonsa daga cikin ƙasa. Mutum ne na farar ƙasa a zaune cikin wani lungun bango, gashinsa a tattare a ka, idanunsa a lumshe, kamar wanda ya ji labari mai daɗi bai gaya wa kowa ba. Baz Mir ya nemi tsari, ya jawo ƙaya da duwatsu ya toshe wurin. Amma bayan kwana biyu ya dawo da butar shayinsa, ya janye ƙayar, ya zauna. Bai taɓa yi masa magana ba, ya san gunki ne, ya kuma san hukuncinsa. Fuska kawai yake so ya gani yana shan shayi.

Shekaru suka wuce a haka. Ran nan da hantsi ya ji ana ƙwala kira daga gaɓar can: "Ɗan fito! Ko sarki ya kama ka ne?"

Zarin ne, ya yi ƙiba, gemunsa ya fara fari. Baz Mir ya yanka kazarsa guda, ya dafa shinkafar da yake ɓoyo. Zarin ya yi ta zuba: wane ya mutu, wane ya aurar da 'ya, shi kansa 'ya'yansa sun cika tanti a sansanin 'yan gudun hijira. Sai da suka wanke hannu ya kwance buhunsa, ga shebur da diga da ƙaramin zarto. Ya ce akwai wani ɗan kasuwa a Peshawar da ke sayen kawunan gumaka, kai ɗaya mai kyau zai fitar da iyalinsa daga tanti.

"Kai ka san tudun nan, Lala. A ina za mu fara?"

Baz Mir ya kai shi tudun. Sannan ya nuna masa gefen gabas, nesa da lungun.

Suka yi ta haƙa, ba sa samun komai sai kasake. In suka gama da rami, Baz Mir ya nuna wani. Zarin yana haƙa yana zagin ƙasa, yana zagin mutanen da, yana kwaikwayon muryar liman, Baz Mir yana dariya har haƙarƙarinsa ya yi ciwo. Tun rasuwar Gulandama bai ji daɗin duniya kamar na kwanakin nan ba.

Da safiyar wata rana Zarin ya zaga bayan tudu, ya ga 'yar siririyar hanya da ƙafa ta tattake, ya bi ta har gaban ƙaya. Ga tokar murhu, ga busasshen ganyen shayi. Da Baz Mir ya iso, ya tarar da shi tsaye gaban fuskar.

"Tun yaushe ka san da wannan?"

"An jima."

"Ka bar ni ina ta fasa bayana a banza? 'Ya'yana na kwana a ƙasa, kai kana nan kana shan shayi da gunki! Tsoronsa kake ji, ko bauta masa ka fara?"

"Ba ko ɗaya."

"To mene ne?"

"In ka samu, tafiya za ka yi."

Zarin ya koma inda kayan haƙarsu suke. Daga nan ya ɗauko zarton, ya durƙusa, ya sa a wuyan gunkin. Baz Mir ne ya tallabe kan da hannu biyu don kada ya faɗi ya fashe. Suka naɗe shi a bargo.

A kan ruwa Zarin ya ce, "Ka biyo ni, Lala. Wallahi akwai wuri."

"Ka gaida yara," in ji Baz Mir.

Zarin bai sake zuwa ba. An ce ya kai iyalinsa Karachi ya buɗe shagon shayi. Da ƙura ta lafa, wasu iyalai suka dawo ƙauyen, yawancinsu matasan da aka haifa a sansani. Sun samu tsoho kurma-kurma a bakin kogi, suna kai masa abinci, yana karɓa da godiya, amma hayaniyarsu ta yi masa yawa. Aka gina gada a ƙasa da ƙauyen, beraye suka cinye salkunan. Baz Mir ya rasu a lokacin sanyi. Da aka zo yi masa salla, sabon liman ya tambayi sunan ubansa, aka dubi juna, sai da aka aika wajen wata tsohuwa a ƙauyen gaba ta faɗa.