Telan da Aka Ɗauka Yana Tari

Yayana tela ne, kuma tun muna yara ban taɓa ganinsa da yamutsattsiyar riga ba. Mahaifiyarmu takan ce ko gobara ce ta tashi a gidan, sai ya tsaya ya taje kai kafin ya fita. Da ya girma ya kama shago, kafin ya sayi keken ɗinki sai da ya sayi madubi mai tsayin mutum, wai don masu gwada kaya. Duk wanda ya san shagon ya san wanda ya fi kowa tsayawa a gaban madubin nan, yana gyaran gashin baki da ɗan ƙaramin almakashi.

Shagon ƙarami ne, a bakin titi: keke biyu, teburin yanka, gwangwanin maɓallai, da dutsen guga wanda wayarsa ta sha ɗauri. A jikin shagon akwai rumfar Mai Faci. Sa'annin juna ne, sun shekara da shekaru suna maƙwabtaka, suna shan shayi tare, suna faɗa tare. Mai Faci mutum ne mai jiki, da hannun da ya cire taya da shi yake yagar burodi, kuma in Yaya ya yi magana sai ya ce baƙin mai ƙarin lafiya ne.

Wata rana da hantsi ma'aikatan asibitin unguwa suka zo layin tare da wani mai ɗaukar hoto. Shugabarsu wata nas ce dattijuwa da kowa ke kira Sista. Ta ce tarin fuka ya fara yawa, za su buga fosta ta wayar da kai, kuma suna son fuskokin 'yan unguwa, don mutane sun fi tsayawa su karanta idan suka ga wanda suka sani. Ba ta rufe baki ba Yaya ya ce a ba shi ɗan lokaci. Ya shiga ya sake kaya, ya goge takalmi, ya fesa turare.

"Tela, ai turare ba ya fitowa a hoto," in ji Mai Faci.

"Kai ma da ƙyar in za ka fito," in ji Yaya.

Mai hoto ya ce kowa zai yi tari kala biyu: ɗaya ya rufe baki da hankici, ɗaya kuma ya saki baki kamar yadda ba a so. Mai Faci ba shi da hankici, sai Yaya ya ara masa nasa, fari ƙal. Ya rufe rabin fuska da shi, ya yi ɗan tarinsa cikin kunya, ya koma kan tayarsa. Shi kuwa Yaya, duk hoton da za a ɗauka na rufe baki sai ya sassauto da hankicin don gashin baki ya fito. Da aka zo tarin sakin baki, nan ya zuba duk basirar da Allah ya ba shi. Ya zare ido, jijiyoyin wuya suka miƙe, harshe ya leƙo. Mai hoto yana ta cewa, "Madalla, Baba! Ƙara ɗaya!" Yaya yana ta ƙarawa.

Kafin yamma babu wanda bai ji ba. Ya kira ni a waya ya ce, "Auta, ki buɗe ido, kwanan nan za ki ga yayanki a bango." Ya faɗa wa surukansa, ya faɗa wa mai kawo masa zare.

Ni na fara gani, a bayan wata motar haya, ina tsaye ina jiran tsallaka titi. An raba fostar gida biyu. A dama ga Mai Faci, rabin fuska cikin farin hankici, ido a ƙasa kamar mutumin kirki, an rubuta da kore: YI HAKA, KA KARE IYALINKA. A hagu ga yayana, baki a wangame, an zana 'yan ɗige-ɗige suna fita daga ciki, an gicciya masa jan layi biyu, an rubuta: KADA KA YI HAKA. Wallahi mota ta wuce, hanya ta buɗe, na kasa tsallakawa.

Aka manna ta a asibiti, a makaranta, a tashar mota, a jikin kantin magani, har a bangon da ke kallon shagonsa. Yara suka sa masa suna Baba Kada-Ka-Yi. In ya shiga mota sai ya ga an bar masa kujera guda shi kaɗai, ana ta zuge gilashi. Matarsa, wadda nake kira Anti, ta ce ita dai ta ga amfani ɗaya: tunda aka yi auren ba su taɓa samun wuri a mota da sauri irin haka ba.

Abin da ya fi ci masa rai shi ne sana'a. Masu ɗinki ba su gudu duka ba, don hannunsa na da kyau. Amma da ya matso da tef zai auna ƙirji, sai mutum ya kau da kai ya riƙe numfashi, ciki ya shige. Yaya ya rubuta abin da ya gani, ya yanka, ya ɗinka. Ranar karɓa riga ta ƙi rufuwa. Wani ɗan kasuwa mai tumbi ya dawo da kaya kala biyu yana faɗa, Yaya ya ce, "Ranka ya daɗe, ni mutumin da ba ya numfashi na auna. Ka kawo shi ya sa."

Shi kuwa Mai Faci ya zama abin misali. Mata na nuna wa 'ya'yansu shi. Ya sayi hankici ya maƙala a aljihun gaba, bai taɓa amfani da shi ba, kuma da safe in ya zo sai ya tsaya daga nesa ya ce, "Tela, ya jiki?"

Da abin ya ishe shi, Yaya ya wuce asibiti ya sami Sista. Ta ba shi haƙuri iyakar haƙuri. Ta ce masu bugawa ne suka zaɓa, kuma a duk hotunansa na rufe baki babu ɗaya da bakin ya rufu. Ta ƙara da cewa tunda aka manna fostar, masu zuwa gwaji sun ƙaru, don kowa sai ya tsaya ya kalle shi, daga nan ya karanta abin da ke ƙasa.

"Wato ni ne abin kallon," in ji Yaya.

"Baba, kai ne ka fi iyawa."

Wannan ta ɗan sanyaya shi, amma ya ce ba zai fita ba sai an gwada shi. Aka ba shi 'yar roba ya kawo kaki. Mutumin da ya girgiza layi guda da tari ya zauna a bayan ɗakin gwaji yana ƙoƙari, abu ya ƙi fitowa, sai da aka ba shi ruwan ɗumi. Sakamako ya fito, lafiyarsa lau.

To daga nan ne ya shiga aikin da ba wanda ya ɗauke shi. Saboda yawan hararar fostar da ke kallon shagonsa, ya haddace duk abin da aka rubuta a ƙasanta. Duk wanda ya kuskura ya ce masa, "Baba, an samu sauƙi?" ya jawo wa kansa. Yaya zai ajiye almakashi ya ce, "Ni ban taɓa yin ciwon ba! Mai ciwon shi ne wanda tarinsa ya wuce sati biyu, ga zazzaɓi, ga gumi yana kwance, ga rama. Na rame? Dube ni da kyau. Kuma ko mai ciwon ba abin gudu ba ne, magani yake sha ya warke. Kai da kake tambaya, tun yaushe kake wannan gyaran muryar? Ɗakinku akwai taga? Kuna buɗewa?" Mutane da dama sun tafi asibiti don kawai ya ƙyale su.

Ana nan, wata rana Mai Faci ya shigo da wando a hannu, ya ce a rage masa ƙugu. Yaya ya rage. Ba a jima ba ya dawo da wandon, wai a ƙara ragewa. Yaya ya zagaya masa tef, ya duba, ya sake dubawa. Sai ya tuna kwanakin nan yana jin injin hura taya na tashi ba dalili, babu mota babu babur. Ya rufe ƙofa ya ce, "Mutumina, injin nan da kake tayarwa, taya kake hurawa ko tari kake ɓoyewa?"

Mai Faci ya zauna a kan tulin yadi. Ya ce ya fi wata yana fama, da dare har zanin gado yake jiƙewa. "Amma Tela, ni fa ni ne na gefen kore. In aka gan ni a layin masu tari, ina zan sa fuskata?"

Yaya ya faɗa min daga baya cewa a wannan lokacin sai da ya ji wani daɗi ya taso masa tun daga tafin ƙafa. Ya hango kansa tsaye a tsakiyar titi yana shela. Sai ya dubi wuyan abokinsa ya ga ƙashi ya fito, ya tuna jikokin da ke kwana ɗaki ɗaya da shi. Ya ɗauki makulli ya ce, "Tashi mu je. In an tambaya, ka ce ni ka rako."

Ba a ma tambaya ba. Duk wanda ya gan su a hanya sai ya ce, "Allah sarki, Mai Faci, Allah ya ba ka lada. Riƙe shi da kyau." Wata tsohuwa har ta ce wa Yaya da ya ji magana tun farko da ba a kai ga haka ba. Yaya ya haɗiye, ya ce, "Na gode, Iya."

Gwaji ya nuna ciwon ne. Sista ta ce magani wata shida ne, ba fashi, ko an ji sauƙi ba a dainawa, kuma a kawo mutanen gidansa a duba su. Ta ce ana son wanda zai riƙa ganin ya haɗiya kullum. Mai Faci ya ce ba ya son a ga ƙwayoyin a rumfarsa, sai Yaya ya ajiye su cikin aljihun keken ɗinki. Kowace safiya Mai Faci zai shigo, Yaya ya buɗe taga, ya miƙa masa ruwa, ya ce, "Buɗe baki in gani. Ɗaga harshe." Da fitsarinsa ya koma ja saboda maganin, ya zo a guje yana cewa ya mutu, Yaya ya ce Sista ta faɗa tun ran farko, kunnensa ne ke cike da ƙarar inji. Da ya fara jin ƙarfi ya ce ya warke zai daina, Yaya ya riƙe masa wando ya ce ba zai ba shi ba sai ya haɗiya.

Unguwa kuwa ta ga Mai Faci na shiga shagon kowace safiya, ta ƙara yaba masa. Aka ce irin wannan aboki ya yi wuya a zamanin nan. Anti, da ta san gaskiya, ta ce, "Malam, ka bari in faɗa wa maƙwabciya ɗaya tak, kafin azahar an wanke ka." Ya ce a'a, maganar ba tasa ba ce.

Mai Faci ya gama magani, aka sake gwadawa aka ce ya warke. Jikansa guda da aka samu da ciwon tun bai yi nisa ba, shi ma ya warke. Ran nan da yamma, majalisa ta cika a bencin ƙofar shagon, sai Mai Faci ya miƙe ya ce, "Jama'a, ku yafe ni. Ni ne na yi ciwon nan, ba Tela ba. Shi ya kai ni asibiti, shi ya riƙa ba ni magani."

Kowa ya juyo yana dubansu. Yaya ya gyara zama, ya shafa gashin baki. Can sai mai kantin kusa ya girgiza kai, ido ya kawo ruwa, ya ce, "Kai, Mai Faci! Jinyar ba ta isa ba, har ciwon ma za ka ɗauke masa?" Majalisa ta ɗauki kabbara da sa albarka. Yaya ya tashi ya shiga ciki ya hau keke, ya yi ta ɗinki babu zare.

Da sannu wasu sun yarda, wasu har gobe ba su yarda ba. Rana da ruwa suka cinye fostocin. Yaya ya fasa bango ya ƙara taga ta biyu a shagon, kuma Sista, kafin ta yi ritaya, takan turo masa waɗanda ke jin kunyar zuwa asibiti su kaɗai, ya rufe shago ya raka su. Yanzu ido ya rage, ɗansa ne ke yanka, shi yana zaune yana ba da umarni.

Kwanan baya muka je makarantar jikarsa, za a ba ta kyautar lissafi. Ana cikin jawabi ya kurɓi ruwa, ruwan ya sarƙe shi. Na ga fuskarsa ta kumbura, ido ya yi ja, amma ko ƙwaƙ bai yi ba. Ya miƙe a hankali, ya ratsa iyaye, ya fita, ya tsallake filin ƙwallo gaba ɗaya har bayan wata bishiya. Ya duba gabas, ya duba yamma, sannan ya cusa fuska cikin gwiwar hannu. Kafin ya dawo an kira yarinyar, an tafa, an zauna. Ya raɗa min, "Auta, an zo kanta?" Na ce an wuce. Ya ce ba komai, a gida ta sake karɓa a gabansa, shi zai miƙa mata.